Aljanna Muke So, Mutuwa Muke Gudu



Idan limami ya roƙa mana Aljanna, amin ɗinmu har masallaci ya ɗauka. Amma bari direba ya taka mota tsakanin Zariya da Kano, nan take sai salati, kowa na roƙon a sassauta. Shin munafunci ne wannan?

Mu dai ba mu ɗauka haka ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Nana A'isha da bakinta ta shaida wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa dukkanmu muna ƙin mutuwa, bai kuwa zarge ta da raunin imani ba. Hasali ma ya hana mumini burin mutuwa don wata cuta da ta same shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne dalilin ƙin. An ruwaito cewa Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik, wanda ya hau mulki a 715, ya yi wa Abu Hazim wannan tambaya a Madina. Malamin ya nuna masa cewa wanda ya gina duniyarsa ya rushe lahirarsa ba zai so ƙaura zuwa kango ba.

A cikinmu akwai mai tsoron barin mahaifiya da ƙanne, waɗanda suka zuba wa albashinsa na fari ido. Wannan ba mu da ta cewa a kansa. Akwai kuma wanda takardar fanshon wani tsoho ke kwance a teburinsa wata shida, yana jiran a kawo goro. Shi ma gobe yana sahun gaba.