Ikkilisiyar da Ta Saba da Ban Kwana: Jawabi a Bikin Naɗa Sabon Fasto a Birnin Kudu

Shugaban taro, wakilin Hakimi, ranka ya daɗe, iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, matasa da mawaƙa, 'yan'uwa da suka yi sammako daga Gwaram, Sara da Basirka, maƙwabtanmu Musulmi da suka amsa gayyata. 

Ikkilisiyar da ake naɗa wa fasto yau ta saba da ban kwana. Duk wanda ya buɗe littafin sunayen membobi zai ga shaida. Ga ma'aikaciyar jinya ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda takarda ɗaya ta isa ta mayar da ita wata jiha. Ga ɗan sanda da malamin makaranta, waɗanda ba su san inda Kirsimetin baɗi zai same su ba. Ga 'yan bautar ƙasa, masu shekara guda cak: su zo su koya wa mawaƙa sabuwar murya, kafin bakin kowa ya faɗa sun ɗaure jaka. Ko manoma 'yan ƙasa, waɗanda su ne ginshiƙin wurin, da an gama sussuka samarinsu sun kama hanyar cin rani zuwa Kano da Abuja, a bar benci ga tsofaffi da yara.

Yau kuma canjin ya zo kan bagade. Baba Fasto mai barin gado ya ɗaura aure a ɗakin nan, ya yi baftisma, ya raka gawa makabarta. Ba abin kunya ba ne idan idon wasu ya cika. Tambayar da ke ran mutane da yawa, ko ba su furta ba, ita ce: in kowa mai tafiya ne, wa zai tsaya?

Tarihin bishara a arewa ya daɗe da amsa wannan tambaya, kuma bai amsa da sunan wani mutum ba. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara guda, biyu daga cikinsu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo a jiki. Sai a 1902 mishan ɗinsu na SIM ya samu wurin zama a Patigi. Gwamnatin Turawa da kanta ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautu, har sai da jinyar kutare ta buɗe ƙofa a shekarun 1930, a wurare irin su Yadakunya kusa da Kano. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, bayan doguwar wahalar Likita Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa. A 1954 aka kafa ECWA. Turawan sun tafi, wasu an bizne su a nan, amma ana ci gaba da sujada da Hausa kowace Lahadi.

Ƙasar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Dattawan da ke zaune a gaba an haife su 'yan Lardin Kano, suka yi ƙuruciya a Jihar Kano, ranar 27 ga Agusta 1991 suka wayi gari 'yan Jigawa, ba tare da sun matsa ko taku ɗaya daga ƙofar gidansu ba. Hedikwata ta koma Dutse, ma'aikata suka biyo ta, majami'u suka ƙaru, har 'yan'uwa Angilikan suka samu dayosis ta Dutse a 1996.

Masu wa'azi suna son kwatanta Allah da dutse, kuma mutumin Birnin Kudu ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, wanda masana suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950. Abin lura, shanun da ke zanen ba su da tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kora yau ba ne. Masu zanen sun shuɗe, garkensu ya shuɗe, ba wanda ya san sunansu, dutsen yana nan. Sai dai kwatancin yana da iyaka, gara a faɗa: dutse bai san wanda ya fake a ƙarƙashinsa ba. Amincin da Kirista ke dogara a kai na Mai rai ne, wanda ya yi alkawari, yake kuma tunawa da wanda ya yi wa.

Shi ya sa yake da muhimmanci a san inda maganar amincin Allah ta fi fitowa da ƙarfi a Littafi Mai Tsarki. Ba a lokacin daɗi ba ne. Tana tsakiyar Littafin Makoki, sura ta 3, wanda aka rubuta bayan sojojin Babila sun rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Haikali ya ƙone, sarki ya tafi bauta, yunwa ta ci gari. Marubucin bai ɓoye ko ɗaya ba, surori biyar yana kuka. A cikin kukan ne ya tuna da jinƙan Allah, ya ce a kansa zai jira. Bai ce gobe za a sake gina birnin ba, domin ba shi da wannan labari.

Mutanen yankin nan sun san irin wannan jira. A Satumban 2006 an ƙone majami'u a Dutse. Ba a ambaci wannan don tayar da tsohon miki ba, zaman maƙwabta a ɗakin nan yau ya isa shaida cewa ba a nan labarin ya tsaya ba. A Agustan 2021 ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka da matafiya, mutum 21 suka rasu. A daminar 2022 ambaliya ta shafe gonaki a sassa da yawa na jihar. Farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na cefane, watanni kaɗan bayan haka aka cire tallafin mai, kuɗin mota daga Gwaram zuwa nan ya zama abin da sai an yi shawara a gida. Duk wanda ya ce wa waɗannan mutane bangaskiya tana hana asara, bai yi musu adalci ba. Abin da za a iya nunawa da yatsa shi ne ranar godiyar kaka: tsohuwa ta shigo da kwanon riɗi a ka, manomi ya jingine damin dawa a gaban bagade, a shekarar da shi kansa ya san rumbunsa bai cika ba. Mutumin da ke tsammanin Allah ya sauya hali ba ya yin haka.

Ga sabon fasto, ikkilisiya ba ta ɗora masa nauyin zama wanda ba ya canzawa ba, wannan matsayi yana da mai shi. Shi ma wata rana takarda za ta zo. Abin da ake roƙonsa shi ne ya yi wa'azi da Hausar da tsohuwar ƙauye za ta gane, ba tare da ya manta da baƙon da bai iya ta ba tukuna. Ya taka zuwa ƙananan majami'un ƙasar Gwaram ko da damina ta ɓata hanya. Ya kai gaisuwa fada, ya je ta'aziyya da barka gidan maƙwabci ba tare da tambayar addininsa ba. Ya riƙe littafin kuɗi a fili.

Ga membobi kuma, akwai wata kalma da ke saurin tsufar da sabon fasto, wato "ai Baba ba haka yake yi ba". A bar ta a ƙofa. Dattawa su tabbata albashinsa na fita kan lokaci, rufin gidansa ba ya yoyo. Zumuntar Mata ta riƙe Mama, uwargidan sabon fasto, kamar 'yar gida, a bar ta ta huta kafin a miƙa mata shugabancin komai.

Shugaban taro, da izininka, sabon fasto da uwargidansa su matso gaba. Baba Fasto mai barin gado da dattawa su kewaye su domin ɗibiya hannu, jama'a kuma a miƙe tsaye a yi addu'a.