Murar Tsuntsaye da Tsatsar Huhu



Tambayar da zan yi ƙoƙarin amsawa yau ita ce: me ya sa murar tsuntsaye ke kisa haka idan ta kama mutum? A Hon Kon, cikin 1997, nau'in nan da ake kira H5N1 ya kama mutum 18, shida suka rasu. A 2006 ya ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, sannan a Magariya ta Nijar. Daga 2003 zuwa yau, kusan rabin mutanen da aka tabbatar sun kamu ba su tashi ba.

Murar da muka saba da ita yawanci a hanci da maƙogwaro take tsayawa. Wannan kuwa takan gangara can cikin huhu, inda 'yan jakunkunan iska ke miƙa wa jini iskar oksijin. Da isarta sai fararen ƙwayoyin jini su yi mata taron dangi, suna fesa mata wasu sinadarai masu ƙuna waɗanda suke sarrafawa daga oksijin ɗin kansa. To, kowa ya san abin da iska da danshi ke yi wa garmar da aka yar a waje. Irin wannan tsatsa ce ke aukuwa a huhu. Jiki yana da sinadaran da ke kashe kaifin waɗancan, amma idan fesawar ta rinjaye su, sai ƙunar ta afka wa maiƙon da ke shafe a cikin jakunkunan nan.

A 2008 Josef Penninger da abokan aikinsa a birnin Biyana suka nuna abin da ke biyo baya. Sun sa wa ɓeraye ƙwayar H5N1 wadda aka riga aka kashe, duk da haka huhunsu ya lalace. Ashe maiƙon da ya ƙone jiki kallon abokin gaba yake yi masa, sai ya ƙaro mayaƙa, su kuma su ƙaro ƙuna. Daga nan bangon jakunkunan ya fara yoyo, ruwa ya cika su, numfashi ya gagara. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Ɓerayen da ba su iya sarrafa sinadaran ƙunar nan sosai ɓarnarsu ba ta kai haka ba.

Kada wannan ya sa wani ya dogara da ƙwayoyin bitamin na kanti. Ba su ne maganin cutar ba. Darasin shi ne lokaci. Maganin oseltamivir ya fi amfani cikin kwana biyun farko, kafin wutar ta kankama. Da yawanku gobe ku ne malaman gona da na asibiti. Idan kaji suka fara zubewa, kada a yanka, kada a fige, a sanar da likitan dabbobi. Wanda ya taɓa su kuma zazzaɓi ya kama shi, a kai shi asibiti ran nan, a gaya wa likita zancen kajin.