Na'ura Ta Karanta, Amma Ta Riƙe?

A yau ɗalibi a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo na iya ɗora kundin kasafin kuɗin jiha sukutum a kan ChatGPT ko Gemini, ya nemi bayani. Amsa za ta fito nan take, sumul. Sai dai akwai abin dubawa.

A 2023, Nelson Liu na Jami'ar Stanford da abokan bincikensa sun gano cewa irin waɗannan manhajoji sun fi riƙe farkon dogon rubutu da ƙarshensa, abin da ke tsakiya kuma yakan kuɓuce musu. Shahararren gwajin wancan lokaci shi ne a ɓoye jimla guda cikin tarin shafuka a ce su nemo ta. Da yawa sun haye. Amma da masu binciken kamfanin NVIDIA suka fito da gwajin RULER a 2024, mai neman a haɗa bayanai daga wurare daban-daban, ƙwazon yawancinsu ya yi ta raguwa yayin da rubutu ke ƙara tsawo.

Nan ne damuwar take. Kwatanta kason Sardauna da na Wukari cikin ƙananan hukumomi 16 na Taraba aikin lissafi ne da nazari. Duk adadin da manhaja ta kawo, a nemi lambar shafinsa, a buɗe kundin a gani da ido.