Jawabi kan yoyon mai a injin moto



An ce in yi magana kan moto, don da yawanku kun yi rani kuna tara kuɗi, kunka saye ta kunka bar wa yara a gida. Abin da ya fi kashe ta shi ne yoyon baƙin mai. Injin moto mai lamba 125 kamar lita 1 kawai yake ɗauka. In ya tsiyaye, fistan zai kama, gumin shekara ya tafi a rana ɗaya.

Kun san soro da damina: inda ruwa yake ɗiga a ɗaki dabam, inda rufi ya tsage dabam. Haka mai yake. Ƙasa yake gangarawa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Saboda haka kada a kwance inji don an ga ɗigo a ƙasa.

Da farko a tabbata man inji ne. Fetur yana da wari kuma yana bushewa nan da nan. Man da anka zuba wa sarƙa shi ma yana fantsama kamar yoyo.

Na biyu, a tsai da moto daidai, a duba sandar awo. In mai ya wuce layin sama, inji da kansa zai tura shi waje. Haka kuma in laka ta toshe ɗan tiyon da inji ke shaƙatawa ta cikinsa.

Na uku, in inji ya huce a wanke shi da kananzir, a goge ya bushe. A tada shi minti 10, a kashe, a barbaɗa masa toka mai laushi. Wurin da ya jiƙe mafi bisa, nan ne ƙofar.

In daga gindi ne, ku dubi kusar da ake kwancewa wajen canjin mai. Sau da yawa ɗan zoben da ke bakinta ne ya gaji. In daga saman kai ne, kusa da buji, robar murfi ce. In daga bayan ƙaramin haƙorin sarƙa ne, ko gindin ƙafar giya, ko na ƙafar tayarwa, robar da ke tare mai ce ta ci. Duk waɗannan gyara ne mai sauƙin kuɗi. Amma in jiki a bushe yake, mai na raguwa, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi, to inji ne ke ƙona man a ciki, sai a kai wa makanike.

Kada a ce a ƙara ɗaure kusa da ƙarfi. Jikin inji na alminiyam ne, haƙoransa na lashewa, ƙaramin aiki ya zama babba. Na ga yaron da ya yi haka, moto ta yi wata biyu a jingine. Kuma in mai ya taɓa tayar baya, a sauka, don santsi na kayar da mutum.

Dattawa, ku ne a gida. Kowace safiya ku sa yaro ya zare sandar awo a gabanku kafin ya hau, ku kuma dubi ƙasa inda moto ta kwana.

 Allah ya kiyaye hanya.