Mayen Ƙarfe a Mafitsarar Yaro

Yau zancenmu a kan mayen ƙarfe ne, wanda waɗansu ke kira maganaɗisu, da ɓarnar da yake yi in ya shiga hanyar fitsarin yaro.

Mayen ƙarfen da muka sani a da shi ne na cikin lasifikar rediyo, babba ne, ba ya shiga ko'ina. Na yanzu dabam ne. Ƙanana ne masu sheƙi, kaɗan suka ɗara ƙwayar dawa, amma ƙarfinsu ya ninka na da. Akan same su a cikin kayan wasan yara. Saboda yawan yaran da suka jikkata, har a Amurka an kafa doka a 2022 don hana sayar da irin masu ƙarfin nan.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro, yawanci namiji mai shekara 10 zuwa 15, yakan tura ɗaya cikin gabansa don wasa. In ya maƙale, sai ya tura wani don ya jawo shi, duk su wuce ciki. A mafitsara sai su manne da juna, su zama curi guda wanda ya fi ƙarfin hanyar fitsari. Ba za su fito da kansu ba.

Alamunsa su ne zafin fitsari, da yawan fitsari kaɗan-kaɗan, da ciwon mara, da jini. A nan ne iyaye ke ruɗewa, su ce tsargiya ce, tun da ta yi yawa a ƙauyukanmu. To, maganin tsargiya ba ya fid da ƙarfe. In abin ya daɗe, gishirin fitsari yakan lulluɓe shi ya zama dutse, ƙwayoyin cuta kuma su hau har ƙoda.

Kunya da tsoron bulala ke sa yaro ya ɓoye. Saboda haka kada a doke shi. Uba ko kawu ya ja shi gefe, ya tambaye shi a hankali. In yarinya ce, uwa ko goggo ta tambaye ta.

Kada a matsa wurin. Kada a sa tsinke. Kada a kawo wani mayen ƙarfe don a jawo na ciki, gama zai tsaga hanyar fitsari. Jiƙo ba ya narkar da shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ku kai shi disfensare ran nan. Malamin asibiti zai ba ku takarda zuwa Katsina, ko Babban Asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. In fitsari ya tsaya sarai, ko zazzaɓi ya zo, ku tafi ko da tsakar dare ne.

Lalle ku faɗa wa likita cewa mayen ƙarfe ne, da yawansu, da ranar da suka shiga. Dalili kuwa, akwai wata na'urar ɗaukar hoto da ake kira MRI, wadda ita kanta ƙaton mayen ƙarfe ce, tana iya fizgar na cikin jikin yaron. Hoton ƙashi ya isa ya nuna su.

Za a sa yaro barci, a zura siririn bututu mai fitila ta hanyar fitsari, a tsamo su. In sun yi yawa, sai a yi 'yar fiɗa a mara a kwashe su gaba ɗaya. Wanda aka kawo da wuri yakan warke sarai.

Haka kuma in yaro ya haɗiye biyu ko fiye, ku gaggauta, domin sukan matse hanji tsakaninsu har ya huje.

Ku duba kayan wasan 'ya'yanku yau. Allah ya ba mu lafiya, amin.