Na'urar Tunatar da Malamin Asibiti: Abin da Ya Kamata Mu Shirya Kafin Mu Saya

 



An umurce mu da mu yi tsokaci kan shawarar da wasu 'ya'yanmu suka kawo, ta a saya wa asibitin garinmu ƙananan kwamfutocin hannu masu taimaka wa ma'aikacin lafiya yanke shawara yayin duba mara lafiya. Muna goyon bayan shawarar, amma da sharaɗi, domin abin da ke gabanmu shi ne rayukan jikokinmu da kuma kuɗin da kuka tara da gumi.

Bari mu fara da bayanin yadda abin yake aiki. Tun cikin shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka tsara ƙa'idojin duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5. A cikinsu an ce a fara neman alamomin haɗari: ko yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita har ba ya farkawa sosai. An ce a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, to numfashin ya yi sauri, ana zargin nimoniya. An ce a auna dantsensa. Idan bai kai milimita 115 ba, tamowa ta yi tsanani. Duk waɗannan suna rubuce, sai dai malamin asibiti ɗaya da ke fuskantar dogon layi ba kullum yake iya buɗe littafi ba. Abin da na'urar take yi shi ne ta riƙa jero masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ta bari ya tsallake, sannan ta nuna masa cutar da ake zato, da adadin maganin da ya dace da nauyin yaron, ko kuma ta ce a gaggauta tura shi babban asibiti.

Wannan ba labarin ƙasar Turai ba ne kawai. A shekarar 2016 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya, tare da wata cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Suwizalan da hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Adamawa, suka fara gwada irin wannan tsari mai suna ALMANACH a 'yan cibiyoyi kaɗan. Bayan 'yan shekaru ya kai cibiyoyi sama da 400, aka kuma miƙa ragamarsa ga hukumar jihar. Kafin nan an gwada shi a Tanzaniya, inda binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa yara kusan 15 cikin 100 ne aka rubuta wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali a inda ba a bi tsarin ba an rubuta wa kusan 84 cikin 100, kuma yaran farko ba su gaza na biyun warkewa ba.

To, ina sharaɗin? Mu da muka yi aikin koyarwa mun san cewa littafin jagoran malami, komai kyansa, bai taɓa koyar da yaro da kansa ba. Tarihi ma ya nuna haka a fannin lafiya: a shekarun 1970 an ƙirƙiro wani tsari mai suna MYCIN a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi rawar gani a gwaji, amma bai taɓa shiga aikin asibiti na yau da kullum ba. Saboda haka muke roƙon ƙungiya ta tanadi abubuwa biyar kafin ta fitar da ko sisi.

Na farko, izini. Asibitin na gwamnati ne, don haka sai a bi ta hukumar lafiya matakin farko ta jiha da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin a tabbatar cewa abin da ke cikin na'urar ya dace da ƙa'idojin aikin ma'aikatan lafiya na ƙasa. Kada wani ɗan kwangila ya sayar mana da manhajar da ba wanda ya tantance.

Na biyu, ma'aikata. A zauna da su tun farko, a ji ra'ayinsu, a horar da su, a riƙa ziyartarsu. Duba yaro da na'ura yakan ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba, kuma ma'aikacin da ya ga an ɗora masa ita don a sa masa ido zai kulle ta a durowa.

Na uku, wuta da gyara. A sa sola, a kuma ware kuɗin batir da na sauya wadda ta lalace kowace shekara.

Na huɗu, kayan aiki. Idan na'ura ta ce a gwada jini don zazzaɓin cizon sauro alhali babu abin gwaji, ko ta ce a ba da amoksisilin alhali kantar magani wayam, ko ta ce a tura yaro babban asibiti cikin dare babu mota, to shawararta ta tashi a banza. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyar ya shafe mu duka. Da yawanmu muna ganin ba a yi magani ba sai an yi allura. Ranar da aka ce wa uwa ciwon ɗanta mura ce, ta koma gida ta ba shi ruwa da abinci, ta dawo in ya ƙi sauƙi, kada ta ji an wulaƙanta ta har ta zarce kemis. Wannan wayar da kai aikin limamai ne da ungozoma da masu unguwanni, da ku da ake bugo wa waya daga gida a nemi shawararku.

Muna ba da shawarar a kafa ɗan ƙaramin kwamiti, a sa 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya a ciki, su tuntuɓi hukuma, su je su ga inda ake amfani da tsarin da idonsu, su kawo mana lissafin shekara uku, ba na ranar buki kaɗai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.