Ranar Da Muka Bar Makaranta



A shekarar 2011 muka gama makarantar sakandare ta mishan. Har gobe ba mu manta da ranar ba. Muka sa farin kaya, aka buga ƙararrawa, aka kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, iyaye mata suna guɗa. Aka dafa shinkafa, aka ɗauke mu hoto a gindin darbejiya. A ran nan kowannenmu yana ganin ofis ya riga ya buɗe masa ƙofa.

To, ashe duniya tana da nata karatun. A watan Janairu na 2012 aka ɗaga kuɗin man fetur daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, sa'an nan aka mai da shi 97. Waɗanda suka sami jami'a a cikinmu, malamai suka shiga yajin aiki daga Yuli har Disamba na 2013. A 2016 gobara ta ci Kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2020 aka kulle gari saboda annoba. A farkon 2023 kuwa kun san yadda takardun kuɗi suka ɓace, mai tumatir yana kallon kayansa suna ruɓewa.

Yau in kun duba hoton nan, kaɗan ne suka zauna a ofis. Wani yana tuƙa a-daidaita-sahu, wata tana ɗinki, wani yana auna gero a mudu kamar ubansa. Shi ya sa muke jin waɗansu iyaye suna cewa boko ya zama asarar kuɗi, gwamma yaro ya zo rumfa tun da wuri.

Mun san abin da ya sa ake faɗin haka, domin mu ma mun yi yawo da takarda har takalmi ya cinye. Amma fa ku lura. Wanda ya yi karatun nan shi ke rubuta bashi a littafi, shi ke karanta rasit kafin ya biya haraji, shi ke duba saƙon banki ya gane ko kuɗin sun shiga ko yaudara ce. Lokacin da kuɗi suka ɓace, rumfar da ke da ɗan makaranta ita ta ci gaba da ciniki ta waya. Watau takardar ba ta ba mu kujera ba, amma ta hana a cuce mu.

Saboda haka roƙonmu ɗaya ne. Kada a cire yaro ko yarinya a ajin ƙarshe don kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO. Kun iya adashe tun kafin a haife mu. Kowane layi a kasuwa ya kafa nasa na kuɗin jarrabawa, a riƙa zubi ran kasuwa, mu kuwa za mu riƙe littafin ba da ko kwabo ba.

Allah ya ba da kasuwa.